Ranar Da Na Ceci Masu Kallon Kifi

Na tsamo Turawa cike da kwalekwale daga tekun Fujaira, alhali ba ko ɗayansu da yake nutsewa.

Abin da ya faru ke nan. Tun da na dawo, mutanen ɗakinmu na Murakkabat, nan Dubai, ba su bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. Wannan ya ce yaya teku, wancan ya ce da gaske ne ka mari tsohuwa. Har masu kago na Dera da ban taɓa gaisawa da su ba suna tare ni a bakin tashar Rigga. Na gaji da maimaitawa. Ga shi nan gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata, wannan zan nuna masa.

Sunana Shaibu, daga ƙasar Damagaram. Ban yi lakwal ba, wato boko. Abin da na sani hanya ce ta koya mini. Na hau bayan mota kat-kat daga Agadas zuwa Sabha. Na yi leburanci a Libiya. Na shiga jirgin roba zuwa Turai, ban isa ba. Daga baya wani ya yi mini hanyar Dubai, na yi shekaru ina ɗaukar kwali a wani sito da ke unguwar Di-Ai-Pi. Sai kamfanin ya rufe, aka soke mana biza. Wanda aka soke wa biza ana ba shi ɗan lokaci ya nemi wani aiki, in bai samu ba ya tattara ya fita. Nawa lokacin ya kusa ƙarewa. A ƙauye kuma akwai mace da yara, abin da na aika shi suke ci.

Fusaini ne ya kawo maganar. Ɗan Zangon Kumasi ne, gadonsa yana ƙarƙashin nawa. Yana aiki a kamfanin da ke kai baƙi yawon buɗe ido, shi ne mai shiga gaba yana yi musu surutu.

"Cale, ana neman mutum a wurinmu," ya ce. Cale, haka 'yan Kumasi suke ce wa aboki. "Mai bin baya. Gwajin kwana biyu ne. In Mudir, mai kamfanin, ya ji daɗinka, biza ta samu."

"Mene ne aikin?"

"Ka lura da baƙi. Kada kowa ya ɓace, kada kowa ya mutu. Halas, shi ke nan."

"Ina za a bi?"

"Rairayi, dutse, iyaka, teku."

Na ce masa na san aikin.

Na yi shiri irin wanda ake yi. Na nemi gafarar mutanen ɗaki, suka yafe mini, na yafe musu. Na kira matata na gaya mata inda takardar gona take. Na sayi bido babba, jarkar ruwa, na naɗe shi da buhu, na jiƙa. Na ɗaure dabino da ƙuliƙuli da soyayyar fara a leda. Takarduna na ɗinke su cikin ƙugun wando. Da safe Fusaini ya gan ni da kayan, ya zauna a bakin gado ya riƙe kai.

"Massa, Makka za ka a ƙafa? Motar akwai firji."

"Firji ma mutuwa yake yi."

Mun ɗebi baƙin a ƙofar wani otal a Bar Dubai. Turawa ne kusan duka, cikin gajeren wando, sun shafa wani farin mai a hanci kamar an yi musu alli. A cikinsu akwai wata tsohuwa mai furfura, an aske mata gashi kamar namiji, ƙafafunta irin na ɗan kokawa. Madam muke ce mata. Akwai kuma Bahaushe guda, Alhaji Nasidi, ɗan kasuwar Kano. Kwantenarsa ce ta makale, kullum yana zaune a ofishin ejan ɗinsa yana faɗa, shi ne ejan ya saya masa tikitin yawon don ya samu ya huta da shi. Ya zo cikin kaftanin shadda da hula da takalmi sau-ciki.

"Kai ɗan ina ne?" ya tambaye ni.

"Damagaram."

"Alhamdu lillahi. Na samu mai ɗaukar mini jaka."

"Kakanka ma bai samu ba, Alhaji."

Ya yi dariya ya ba ni goro. Tun daga nan muka shirya.

A mota na tambayi Fusaini abin da ya koro mutanen nan daga ƙasarsu. Ya ce ba abin da ya koro su, hutu suka zo. Na ce wa ya biya su su shiga rairayi? Ya ce su suka biya. Na san mutum yana biya a ratsa da shi hamada don akwai inda za shi. Waɗannan da yamma gobe otal ɗinsu za su koma.

Hanya ba ta da labari. Kwalta ce sumul, ba rami, ba shinge, ba jandarma. Inda dutse ya tare ta, sun huda shi sun sa masa fitilu. Hanyar da ta yi kyau haka ba ta ba ni kwanciyar hankali. Ban runtsa ba. Alhaji kuwa ya yi ta minshari a kafaɗata.

Zangon farko wani fili ne a gindin duwatsu, rabi rairayi rabi tsakuwa. An jera babura masu ƙafa huɗu. Aka raba hular kwano. Alhaji ya ɗora tasa a kan hularsa ta zanna, ya tattare kaftani ya soke a wando. Fusaini ya hau na gaba. Ni ne na ƙarshe, bidona ɗaure a baya.

Dokar hamada ɗaya ce: ruwa a hannun mutum guda yake zama. In ka bar wa kowa nasa, kafin azahar ya shanye, kafin la'asar ya fara kallon naka. Saboda haka da Fusaini ya juya baya yana gwada injinsa, na bi su ɗaya bayan ɗaya na karɓe gorunan ruwansu na zuba a buhu. Ba wanda ya yi musu. Sun ɗauka haka ake yi.

Muka tashi. Ƙura, ƙara, ihu. Duk tudun da aka hau sai su yi shewa. Ni ina baya ina kallon hanya. Akwai wata bishiyar ƙaya mai karyayyen reshe. Mun wuce ta. Can sai muka sake wuce ta. Sai na gan ta karo na uku. Na taɓa ganin direba yana zagaye wuri ɗaya bai sani ba, na kuma san yadda aka ƙare.

Da aka tsaya hutawa, Fusaini ya zagaya bayan wani tudu. Baƙin suka nufo ni suna haki. Na sa su layi. Kowa murfin bido ɗaya. Wani dogo mai jan gemu ya kai hannu zai fizge buhun. Na dube shi kawai. Ya koma layi. Madam ta sha nata murfin, ta lumshe ido kamar an ba ta zuma, mijinta yana ɗaukarta hoto. Alhaji ya zo kansa.

"Ɗan Damagaram, ƙara mini. Ina da ciwon suga."

"Kowa murfi ɗaya."

"Kai, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake ji, shi ya sa."

Na bar su na bi Fusaini, na yi ƙasa da murya.

"Kada ka gaya musu, kada su firgita. Mun ɓace. Bishiyar can sau uku muna wuce ta."

Ya dube ni. Ya kama hannuna ya ja ni kan tudun. Daga nan ana hango gidan mai, da masallaci, da shagon sayar da kaji, da motarmu direba yana barci a ciki.

"Fili ne mai shinge, Shaibu. Zagaye muke yi. Haka aka tsara."

Da ya sauko ya ga layin ruwa, ya kusa faɗuwa. Ya buɗe wata kula da ke ajiye a ƙarƙashin rumfa, cike da ruwa mai ƙanƙara, yana ba su haƙuri. Abin mamaki, wasunsu suka ƙi. Suka ce na murfi suke so.

Kafin mu bar wurin, babur ɗin wani ya kafe a rairayi. Suka taru suna turawa suna murna. Fusaini ya ce mini a daidai nan yake kafewa kullum, da gangan suke barin wurin da laushi, don baƙi suna son su ga sun sha wuya. Aka ce Alhaji ya zo ya kama.

"Ni da aka biya mini? A Kano in mota ta kafe, fita nake in hau wata."

Bayan azahar Fusaini ya ɗauki lasifika ya ce za mu shiga wani yanki na ƙasar Oman. Iyaka ke nan. Nan ma na san aikina. Na miƙe a cikin mota. Da Turancin sito da ɗan Faransanci da hannu na nuna musu: waya cikin safa, kuɗi a raba gida biyu, mata su koma tsakiya, kada wanda ya kalli soja cikin ido, in an mare ka kada ka tambayi dalili. Alhaji bai jira fassara ba. Ya kwance agogonsa ya sa cikin hula ya mayar kai. Madam ta tura zobenta a baki.

Muka isa. Allo ne guda a gefen hanya, da akuya tana cin kwali a gindinsa. Direba ko rage gudu bai yi ba. Sai wayoyi suka fara ƙara daga cikin safa, saƙon barka da zuwa.

"Ina sojan?" na tambayi Fusaini.

"Babu."

"Gaba suke?"

"Babu su, cale. Zauna."

Wai yankin nan na Oman a tsakiyar Imarat yake, a cikinsa kuma akwai wani ƙauye da yake na Imarat ne. Muka shiga, muka fita, muka sake shiga, muka sake fita. Ba wanda ya sauke mu, ba wanda ya kwance mini wando, ba wanda ya ce in yi tsallen kwaɗo. Ban ce ban ji daɗi ba. Amma duk ɗinkin da na yi ya tashi a banza.

Daga nan sai wurin ruwa. Tun a mota suke zumuɗinsa. Muka sauka muka taka cikin wani kwazazzabo, duwatsu baƙaƙe, ko ciyawa babu. Sai na ji ƙara. Muka sha kwana, ga ruwa fari yana zubowa daga kan dutse, tsayinsa ya fi gidan sama, yana faɗawa cikin tafki. A ƙasar da ba a ruwan sama. Gaskiya abin ya taɓa ni. Na tuna rijiyar da muka tarar a hanyar Dirku, muka zura guga ya fito da yashi. Na cire takalmi, na yi alwala, na cika bidona. Alhaji yana gefena yana ta subhanallahi.

Muna cikin haka ruwan ya tsaya.

Ba raguwa ya yi ba. Tsayawa ya yi, kamar an rufe famfo. Dutsen ya rage yana ɗiga. Sai wata ƙofa ta buɗe a jikin dutsen, ƙofar da aka yi wa fenti kalar dutse, wani ɗan Bangaladash ya fito da makullai a hannu da kwanon abincinsa. Ya ce lokacin cin abincinsa ne, kuma inji ya yi zafi. Mu jira shwayya, wato kaɗan.

Turawa suka zauna suna jira, wayoyi a sama. Na sunkuya na shinshina bidona. Warin jabel yake, irin wanda ake wanke farin kaya da shi. Ruwan guda ne, inji yake ɗaga shi sama ya sako, ya sake ɗagawa. Alhaji ya bi mutumin har inda ya zauna.

"Fusaini, zo ka tambayar mini shi. Injin nan doki nawa ne? Da dutsen ake sayarwa ko daban? Ina da fili a hanyar Zariya."

Mutumin ya gama cin shinkafarsa, ya wanke hannu a tafkin, ya koma cikin dutse. Ruwa ya dawo. Suka tafa masa.

Masauki a bakin teku yake. Tantuna ne, amma kowanne da esi da gado da kafet da banɗaki mai madubi. Fusaini ya ce kwana a ciki ya fi otal tsada, don tanti ne. Na taɓa kwana a tanti, mu da yawa, wanda ya tashi fitsari ya rasa wurinsa. Ba mu san muna cikin daula ba.

Abinci aka jera a dogon tebur, kowa ya ɗiba. Kifi na gane, shinkafa na gane. Sauran ƙwari ne. Jatan lande, da wani babba ja mai ƙahonni kamar kunamar da ta yi ƙiba. Suna fasa shi da ƙarfe suna tsotsa. Na koma gefe na kwance ledar farata. Alhaji ya jiyo ƙamshin yaji, ya jawo kujera.

"Allah ya yi maka albarka. Ashe Damagarawa suna da amfani."

Wata yarinya a cikinsu ta leƙo ta ga abin da muke ci, ta toshe baki ta gudu, ƙafar ƙwaron teku a hannunta. Madam ce kaɗai ta zo ta ɗauki guda, ta cire fiffiken kamar yadda na nuna mata, ta tauna, ta miƙo hannu a ƙara. Abin da ya rage a tebur kuwa, ma'aikata suka juye a leda baƙa. Na tsame burodi na sa cikin riga. Ba yunwa nake ji ba. Hannuna ne ya saba.

Fusaini ya ja ni gefe kafin mu kwanta.

"Shaibu, don Allah. Gobe teku ne, shi ne na ƙarshe. Kada ka karɓe komai, kada ka sa kowa layi, kada ka koya wa kowa ɓoye kuɗi. Ka zauna a kwalekwale ka zuba ido. Kifi kawai za su kalla."

Na ce to. Na ɗauka daga cikin kwalekwale ake kallon kifin. Bai ce mini ba haka ba ne, ni ma ban tambaya ba.

Da hantsi muka shiga. Kwalekwale ne mai inji, da rumfa, matuƙinsa wani tsoho ɗan Indiya. Tun Libiya ban sake taka abin da ke kan ruwa ba. Na sa rigar ceto na ɗaure ta tamau, na zauna a tsakiya, na riƙe katako. Ban iya iyo ba. Abin da na iya shi ne ƙin nutsewa. Alhaji ya zauna kusa da ni da casbi, ya ce shi ba abin da ya haɗa shi da kifi sai a miya.

Aka tsaya kusa da wani dutse a tsakiyar ruwa. Fusaini ya raba musu gilashin fuska mai bututu, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Suka fara faɗawa ruwa. Ban so ba, amma na yi alkawari. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙafata. Ina jin dariyarsu da fantsamar ruwa. Sai dariyar ta ɗauke.

Na ɗaga kai.

Duk sun kife. Fuska cikin ruwa, baya a sama, hannuwa a buɗe, ba mai motsi. Ruwa yana ɗaga su yana saukewa, yana raba su a hankali.

Na san wannan. Jirginmu na roba da dare ya sace. Da gari ya waye ina rungume da bidon mai, abin da na gani ke nan ko'ina: bayan mutane. Na gane Laminu ɗan garinmu da rigarsa. Na kai gare shi na juya shi. Iyakar abin da zan faɗa a kan wannan ke nan.

Ban san lokacin da na faɗa ruwan ba. Madam ce ta fi kusa. Na cafki wuyan rigarta na juya ta, na fizge abin da ke bakinta. Idonta a buɗe cikin gilashi, ba ta ce komai ba. Na mare ta. Ta yi tari ta fara ihu. Na ce alhamdu lillahi, wannan da rai. Na ja ta zuwa kwalekwale.

"Alhaji, kama!"

Alhaji ya yar da casbi. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Me ya same su? Guba ce? Ƙwarin jiya ne, wallahi na faɗa!" Ya kama hannuwanta ya jawo ta ciki kamar buhun masara, ya juyo. "Kawo na gaba! Yi sauri, ɗan Damagaram!"

Na koma. Wanda na juya duk sai ya yi ta harbin ruwa yana zagi, ni kuma na san mai nutsewa haka yake yi, ba a sauraronsa. Dogon mai jan gemu ya yi kokawa da ni, na danna kansa sau ɗaya ya natsu. Waɗanda suke nesa ba su san abin da ake ciki ba, kunnuwansu cikin ruwa, sai dai su ji an damƙe su ta baya. Ina kawowa, Alhaji yana jerawa a ƙasan kwalekwale yana danna musu ciki. Kaftaninsa ya jiƙe sharkaf. Matuƙin yana ta ɗaga hannu yana magana, dariya ta hana shi ƙarasawa.

Na ƙarshe da na juya Fusaini ne.

Ya tofar da bututun. "Shaibu. Me kake yi?"

"Kana da rai?"

"Kifi muke kallo! Ta bututun nan ake numfashi! Ka kashe ni, cale. Ka kashe ni, ka kashe kanka."

Muka hau. Suna zaune a jere suna ɗiga, wasu suna tari, shatin yatsuna a kuncin Madam. Alhaji ya gyara hula ya koma wurinsa, kamar bai taɓa kowa ba. Na zauna. Na san bizar ta tafi. Na fara tunanin abin da zan gaya wa matata.

Madam ta yi magana. Fusaini ya ce tana tambaya me ya sa.

"Gaya mata a inda na sani, wanda ya kife haka ba ya tashi."

Ya faɗa mata. Ya ƙara wasu kalmomi nasa, na ji ya ambaci Libiya. Ba wanda ya sake tari. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta cire gilashinta ta miƙo mini, ta nuna tsanin da ke jikin kwalekwale. Na girgiza kai. Ta sake nunawa. Tsohuwa ce, kuma na mare ta. Na karɓa.

Na sauka tsanin, na riƙe shi da hannu biyu, na cusa fuska.

Ƙasan na fara dubawa. Na duba dama, na duba hagu, na duba ƙarƙashin kwalekwalen. Ba kowa. Yashi ne fari da duwatsu, da kifaye masu launi kamar an yanka atamfa an watsa. Wani mai ratsin rawaya ya zo daidai gilashin ya tsaya yana kallona. Na daɗe a haka. Alhaji ne ya ƙwanƙwasa mini kai da casbi, wai in fito kada shi ma ya faɗo ya cece ni.

A hanyar dawowa Fusaini bai yi mini magana ba har Dera.

Washegari Mudir ya aiko a kira ni. Balarabe ne mai tumbi, ofishinsa a saman wani shagon canji. Na je don in ji da kunnena. Na tarar da shi yana kallon waya yana share hawayen dariya. Mijin Madam, da ashe bai shiga ruwan ba, ya ɗauki komai a waya, tun daga layin ruwa har marin. Baƙin sun rubuta yabo. Wasu har sun kira suna tambaya ranar da za a sake irin wannan.

"Habibi, zauna," ya ce. Fusaini yana fassara mini inda ban gane ba. "Wannan nake so. Kowane fita. Ka karɓe ruwa, ka tsorata su a iyaka, ka tsamo su daga teku. Mari ne kawai ban da shi."

"Ba wasa nake yi ba."

"Na sani. Shi ya sa ya yi kyau. Kuma bayan ka tsamo su, ka zaunar da su ka ba su labarin jirgin nan na Libiya. Fusaini zai fassara."

"Wannan ba na sayarwa ba ne."

"Da shi ya fi."

Na miƙe. Fusaini ya taka mini ƙafa, ban zauna ba. Na kai bakin ƙofa Mudir ya ce, "Yalla, yalla, bar labarin. Kawo fasfo."

Na kwance ɗinkin wandona a gabansa na ba shi.

Yanzu ina nan Murakkabat, gadon sama, biza a hannu. Ran Asabar da Lahadi ina Fujaira. An gaya wa baƙi tun a mota cewa za a cece su, suna sa hannu a kan sun yarda. Su a wurinsu wasa ne. Ni har yau in suka kife ƙirjina yana bugawa, ba na jiran Fusaini ya ba ni alama. Ina faɗawa, in kama, in juya. Duk wanda na juya yana numfashi.